Lamarin A. E. Housman: Farfesan Latin, Mawaƙi, da Sirrin da Ya Riƙe Har Kabari

Malamin Ingilishi a ɗaya daga cikin lise-lisen Maraɗi, idan ya shiga intanet yana neman gajeriyar waƙa mai sauƙin kalmomi wadda ɗalibai za su iya haddacewa, ba zai yi nisa ba zai ci karo da sunan Alfred Edward Housman. Waƙoƙinsa gajeru ne, amsa-amonsu a fili yake, ga shi sun daɗe da fita daga ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kowa na iya ɗauka kyauta. Tambaya tana tasowa ne daga baya, lokacin da ɗalibi mai waya a hannu ya binciki tarihin mawaƙin, ya tarar an rubuta cewa mutumin bai taɓa aure ba, kuma wanda zuciyarsa ta so tsawon rayuwarsa namiji ne irinsa. Wannan nazari ya bi lamarin daki-daki, domin a ga abin da takardu suka tabbatar, a kuma ga yadda sirrin da mutumin ya riƙe ya shiga cikin aikinsa na farfesa da na mawaƙi gaba ɗaya.

An haifi Housman ranar 26 ga Maris, 1859, a wani ƙauye mai suna Fockbury kusa da garin Bromsgrove a Ingila, shi ne babba cikin ƴaƴa bakwai na wani lauya wanda bai iya riƙe dukiya ba. Mahaifiyarsa ta rasu a 1871, a daidai ranar da ya cika shekara 12. A 1877 ya sami gurbin karatu kyauta a Kwalejin St John's ta Jami'ar Oxford domin nazarin Latin da Girkanci, kuma a jarrabawar tsakiya ta 1879 ya fito a sahun farko. A can ne ya haɗu da Moses Jackson, ɗalibin kimiyya, ƙaƙƙarfan saurayi mai tseren kwalekwale, wanda adabi bai dame shi ba ko kaɗan. A shekararsu ta ƙarshe sun zauna gida ɗaya tare da wani abokinsu, A. W. Pollard.

A 1881 aka yi abin da har yanzu masu rubuta tarihinsa ke jayayya a kansa: ɗalibin da kowa ya sa wa ido ya faɗi jarrabawar ƙarshe, faɗuwa ta gaba ɗaya. Dalilan da ake kawowa ba su kore juna ba. Jarrabawar ta ƙunshi falsafa da tarihin dā, shi kuwa ya yi watsi da su ya duƙufa kan gyaran matanin mawaƙin Rum Propertius, wanda ba a tambaye shi ba. Mahaifinsa ya kwanta rashin lafiya mai tsanani dab da jarrabawar, gidan kuma yana cikin matsin kuɗi. Na ukun shi ne Jackson, da abin da Housman ya gano game da kansa a zaman da suka yi tare. Ni a nawa ganin, wanda ya zaɓi dalili ɗaya ya ce shi kaɗai ne ya yi wa lamarin gaggawa, domin girman kai na ɗalibi mai hazaƙa da damuwar zuciya suna iya haɗuwa a jiki ɗaya ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba.

A 1882 ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya zama akawu a Landan, a ofishin da ke rajistar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire da tambarin kasuwanci, inda Jackson ma yake aiki. Ya zauna gida ɗaya da Jackson da ƙanen Jackson ɗin mai suna Adalbert har zuwa 1885, shekarar da ya kwashe kayansa ya bar gidan, daga baya ya zauna shi kaɗai a unguwar Highgate. Abin da ƙanensa Laurence Housman ya bayyana bayan shekaru masu yawa, waƙoƙin da aka buga bayan mutuwarsa kuma suka goyi bayansa, shi ne Alfred ya so Jackson so irin wanda Jackson ba zai iya mayarwa ba, domin shi mata yake so, kuma abota ce iyakar abin da zai iya bayarwa. A 1887 Jackson ya tafi Karaci, wadda a lokacin take cikin Indiyar Turawan mulkin mallaka, ya zama shugaban wata kwaleji. Ya dawo gida a 1889 ya yi aure, ba a gayyaci Housman ba, bai ma ji labari ba sai da ango da amarya suka bar ƙasar. Ƴan ƙananan littattafan ajiyar rana da Housman ya bari na waɗannan shekaru kusan fanko suke, ban da bayanin sanyi da zafi da lokacin fitowar furanni, sai kuma gajerun layuka game da tashoshin da jirgin ruwan Jackson ya isa da ranakun da wasiƙa ta zo, inda ba ya ambaton sunansa sai dai ya ce “shi”.

Dole a ajiye wata doka kusa da wannan labari, in ba haka ba ba za a fahimci shirun mutumin ba. A 1885 ɗin nan majalisar Ingila ta zartar da gyaran dokar laifuka wanda aka sani da sunan ɗan majalisa Labouchere, wanda ya mai da duk wata mu'amalar sha'awa tsakanin maza laifi, ko a ɓoye aka yi, da hukuncin da zai iya kaiwa shekara biyu a kurkuku tare da aiki mai tsanani. Da wannan doka aka ɗaure marubuci Oscar Wilde a watan Mayun 1895. Ma'aikacin gwamnati ko malamin jami'a da aka yi wa irin wannan zargi ya rasa aikinsa da mutuncinsa tun kafin alƙali ya buɗe baki.

Shekara goma da Housman ya yi yana akawu su ne suka fi ba mai nazari mamaki. Idan ya tashi daga ofis sai ya wuce ɗakin karatu na Gidan Tarihin Birtaniya, ya zauna kan matanin mawaƙan Rum irin su Horace da Propertius da Ovid da mawaƙan wasan kwaikwayo na Girka, yana fitar da maƙaloli a mujallun masana. Da kujerar farfesan Latin ta zama fanko a Kwalejin Jami'a ta Landan a 1892, ya nema, ya haɗa da takardun shaida daga masana 17, cikinsu har da na Jamus da Amurka, kuma ya rubuta ƙarara a takardar neman aikin cewa bai ci jarrabawar ƙarshe a Oxford ba. Aka ba shi. A 1911 Jami'ar Cambridge ta kira shi ya hau kujerar Latin mai sunan Kennedy, ya zama ɗan Kwalejin Trinity, inda ya zauna har mutuwarsa ranar 30 ga Afrilu, 1936.

Sana'arsa ta ilimi ita ce tace matani, kuma mutumin Maraɗi bai kamata ta zame masa baƙuwa ba. Wanda ya taɓa ajiye kwafi biyu ko uku na tsohuwar waƙar wa'azi ta ajami, ɗaya daga hannun malami a nan, ɗaya daga Katsina, ɗaya daga Damagaram, ya san yadda baiti ɗaya ke fitowa da fuska uku, saboda wani almajiri ya tsallake layi, wani ya sauya kalmar da bai gane ba da wadda ya sani, wani kuma ya ɗiga ɗigo inda babu. Haka littattafan Rumawa suka iso Turai, ta hannun masu kwafi na ƙarnoni da yawa, kuma aikin Housman shi ne ya auna kwafe-kwafen, ya gano inda hannu ya kauce, ya maido da abin da marubucin ya fi yiwuwa ya rubuta. Babban abin da ya yaƙa shi ne al'adar da ta yi ƙarfi a zamaninsa, ta ɗaukar kwafi ɗaya a ce shi ne mafi inganci a bi shi ido rufe. A wata lacca ta 1921 ya ce wannan aiki ba lissafi ba ne mai ƙa'ida ɗaya, kowace matsala sai an yi mata tunani na kanta, har ya kwatanta mai yin sa da kare mai farautar ƙuma a jikinsa. Gabatarwar littattafansa cike take da baƙar magana ga masana, rayayyu da matattu, wadda ake karantawa har yau saboda kaifinta, ko da yake wani lokaci zafin ya wuce girman laifin.

Ya fitar da matanin mawaƙan Rum biyu, na Juvenal a 1905 da na Lucan a 1926, amma ginshiƙin aikinsa shi ne Manilius, mawaƙin Rum na zamanin sarakuna Augustus da Tiberius, wanda ya tsara doguwar waƙa a kan taurari da buruji. Housman ya fitar da ita juzu'i biyar daga 1903 zuwa 1930, alhali shi kansa bai ɗauki Manilius babban mawaƙi ba. Mutumin da ya fi kowa jin daɗin Horace ya ba da shekara kusan 30 ga marubucin da ke tsara lissafin taurari da baiti. Ana iya cewa ya zaɓi fagen da matani ya fi lalacewa domin gwanintarsa ta fito, kuma hakan gaskiya ne. Ina ganin kuma ya zaɓi fagen da ba wanda zai tambaye shi abin da ke zuciyarsa. Sai dai ko a nan bai iya rufe ƙofar duka ba: juzu'in farko ya sadaukar da shi ga Moses Jackson, da waƙar Latin ta bege, ƙarƙashin layin da ya kira shi abokinsa mai raina irin wannan karatu. Ya faɗi abin a bainar jama'a, amma da harshen da kaɗan ne za su karanta, a cikin littafin da ƙasa da haka za su buɗe. A aji kuwa ba ya barin nahawu da bambancin kwafe-kwafe, in ban da rana ɗaya a 1914 da wata ɗalibarsa ta ba da labari daga baya, inda ya kammala tace wata waƙar Horace a kan shigowar bazara da gushewar rayuwa, ya karanta ta da Latin da kuma fassararsa, ya ce a ganinsa babu wadda ta kai ta kyau a adabin dā, ya fice da sauri.

Waƙoƙinsa na Ingilishi sun fito ne daga wani ɗaki dabam na rayuwar. Littafinsa na farko, A Shropshire Lad, wato saurayin lardin Shropshire, ya fito a 1896 da waƙoƙi 63, kwafi 500, kuma da kuɗin aljihunsa aka buga shi. Shi ba ɗan Shropshire ba ne, tsaunukan lardin yake hangowa ta yamma da garinsu tun yana yaro, kuma yawancin waƙoƙin a Landan ya tsara su. Da bakinsa ya ce watannin farko na 1895 su ne lokacin da waƙa ta fi zubo masa, wato watannin da shari'ar Wilde ta cika jaridu. Jigogin ba su da yawa: saurayi ya tafi soja bai dawo ba, an rataye wani da safe, ɗan tsere ya mutu yana kan ganiyarsa, aboki ya yi nisa, ƙauyen ƙuruciya ba ya komuwa. Da farko littafin bai yi kasuwa ba, amma bayan mawallafi Grant Richards ya karɓe shi a 1898, sannan yaƙin Bowa ya ɓarke a Afirka ta Kudu a 1899, sai ya bazu, musamman da yake Housman ya daɗe yana ƙin karɓar ladan marubuci domin a sayar da shi da araha. A wannan yaƙi ne aka kashe ƙanensa Herbert a 1901. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da yawa sun tafi fagen daga da ƙaramin bugunsa a aljihu, mawaƙan kiɗa irin su Ralph Vaughan Williams da George Butterworth kuma sun riga sun ɗora wa baitocin sauti tun kafin yaƙin. Shi Butterworth an kashe shi a yaƙin Somme a 1916.

A nan ne lamarin ya fi buƙatar a dakata. Saboda ba zai iya ambaton abin da ke damunsa ba, Housman ya cire suna da jinsi da dalili daga baƙin cikinsa, ya bar baƙin cikin tsurarsa, sai uwar da ta rasa ɗa da sojan da ya binne abokinsa da budurwar da aka bari kowa ya ɗauka da shi ake. Ɓoyewar da doka da al'ada suka tilasta masa ita ce ta faɗaɗa masu sauraronsa. Amma ga wanda ya san labarin, alamun suna nan. A watan Agustan 1895 wani matashi ɗalibin makarantar soja a Woolwich ya kashe kansa, ya bar wasiƙar da ke nuna yana tsoron halin da ya gano a kansa zai ɓata wasu; Housman ya yanke labarin daga jarida ya ajiye shi cikin kwafinsa na littafin, daidai shafin waƙa ta 44, wadda ke magana da saurayin da ya harbe kansa. Waƙa ce mai ɗaci wadda a zahirinta take yaba wa mamacin, kuma ba ta cikin waɗanda ya dace a miƙa wa matasa ba tare da malami ya tsaya a kanta ba. A wannan lokaci kuma ya tsara wata a kan saurayin da aka sa wa ankwa ana kai shi kurkuku saboda launin gashin kansa, wadda kowa ya gane da Wilde take, amma bai bari ta fito yana raye ba.

Ga malamin da ke tsaye gaban aji a Maraɗi, inda hukuncin Musulunci a kan luwaɗi sananne ne ga babba da yaro, wannan tarihi yana da nauyi, kuma ba na ganin amfanin a yi kamar ba shi da shi. Malami yana da ikon zaɓen abin da zai koyar, yana iya barin Housman ya ɗauki wani. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce wa ɗalibi labarin ƙarya ne, domin shaidar ta fito daga ɗan'uwan mutumin uwa ɗaya uba ɗaya da kuma rubutun hannunsa, kuma ɗalibin da ya kama malaminsa da musun abin da ke rubuce ba zai ƙara yarda da shi a kan sauran darasin ba. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda wasu masu sharhi na Turai suka faɗa ciki, na mai da kowace waƙa wasiƙa zuwa ga Jackson, kamar mutumin bai yi maraicin uwa ba, bai rasa ƙane a yaƙi ba, bai kuma sha daga mawaƙan Latin da mawaƙin Jamus Heine da tsofaffin waƙoƙin gargajiya na iyakar Sikotilan ba. Abin da takardu suka tabbatar game da Jackson shi ne so daga gefe ɗaya, da rabuwa, da riƙon amana na shekara 40 da ɗoriya. Wani abin lura shi ne, abin da ya fi fitowa fili a baitocin ba wannan ba ne, rashin imaninsa ne: a wasiƙar da ya rubuta wa wani Bafaranshe mai nazari a 1933 ya ce tun yana shekara 21 ya daina yarda da samuwar Ubangiji, kuma matattun da ke cikin waƙoƙinsa barci suke yi wanda babu tashi. Ɗalibin da ya taso da karatun allo zai ji wannan a kunnensa tun kafin ya binciki komi, kuma a nan ne tattaunawar aji ta fi samun abin kamawa.

Abotar ba ta yanke ba duk da nisa. Housman ya zama uban baftisma, wato wanda ke tsaya wa yaro a bikin shigar da shi addinin Kirista, ga ɗaya daga cikin ƴaƴan Jackson, kuma da Jackson ya bar Indiya ya koma noma a yammacin Kanada a 1911, ya taimaka masa da rance. Shekara 26 bai fitar da littafin waƙa na biyu ba, sai da ya ji Jackson yana fama da ciwon daji, sannan ya tattara tsofaffi ya tsara sababbi cikin gaggawa, Last Poems ya fito a watan Oktoban 1922 da waƙoƙi 41, ya aika masa kwafi ya same shi a asibiti. A cikinsa akwai waƙar ɗaurin aure da ya fara tsarawa domin bikin da ba a gayyace shi ba, akwai kuma wadda mai magana a cikinta ke cewa dokokin Allah da na mutane ba shi ya kafa su ba, baƙo ne shi mai tsoro a duniyar da bai gina ba, amma dole ya bi su tunda ba inda zai gudu. Jackson ya rasu a watan Janairun 1923. Bayan haka Housman kusan ya daina waƙa. Ya ƙi karɓar digirorin girmamawa, ya ƙi lambar yabo ta masarauta da aka yi masa tayi, kuma sai a 1933 ya yarda ya yi lacca a kan waƙa a Cambridge, inda ya ce ba hankali ke gane ta ba, jiki ne, har ya ce idan baiti ya faɗo masa a rai yana aski gashin fatarsa kan miƙe reza ta kasa aiki.

Wasiyyarsa ta ba Laurence izinin buga waƙoƙin da ya ga sun kammala kuma ba su gaza waɗanda aka riga aka buga ba, sauran kuma a hallaka su. Mutumin da ya san ƙanensa sarai, ya kuma san abin da ke cikin littattafan rubutunsa, bai ƙone su da hannunsa ba, ya bar wa wani hukuncin. Laurence ya fitar da More Poems a 1936, ya ƙara wasu a littafin tunawa da yayansa a 1937, kuma a cikinsu ne mai karatu ya fara ganin waƙar launin gashi, da wadda mai magana ke cewa ya so abokinsa fiye da yadda ya dace namiji ya furta, abin ya dami abokin, sai ya yi alkawarin jefar da tunanin suka rabu. A 1942 Laurence ya rubuta bayani dalla-dalla a kan Alfred da Jackson, ya damƙa wa Gidan Tarihin Birtaniya da sharaɗin kada a buga sai bayan shekara 25. Ya fito a mujallar Encounter a 1967, shekarar da majalisa ta cire hukuncin laifi a kan abin da maza masu shekara 21 zuwa sama suka yi a keɓe a Ingila da Wales.

Littattafan rubutun kuwa Laurence bai hallaka su duka ba, yanka su ya yi, ya cire abin da ya cire, ya manna sauran a kan wasu takardu, kuma ragowar tana ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washinton. Masana sun shafe shekaru suna ɓamɓare mannin, suna karanta layukan da aka goge ko aka soke, suna gardama a kan wace kalma Housman ya bari wace ya janye, da kuma ko halal ne a buga abin da mai shi ya ce a hallaka. Bugun da aka fi dogara da shi yanzu shi ne wanda Archie Burnett ya tace, Jami'ar Oxford ta fitar a 1997, ya kuma biyo shi da tarin wasiƙun Housman juzu'i biyu a 2007.